Guba a kwanon mussa: abin da ke hana masu kyanwa barci a Amurka da Turai, da abin da ya shafe mu a ciki

A gidajenmu na Maraɗi ko Damagaram, mussa tana cin abin da ya rage a tukunya, ta ƙara da ɓeran rumbu. A Amurka da Turai kuwa, miliyoyin kyanwoyi ba su san wani abinci ba sai na gwangwani da na buhu da ake sarrafawa a masana'anta. Tun ƙarshen 2024 hankalin masu waɗannan dabbobi a tashe yake, saboda an yi ta janye abincin kyanwa daga kasuwa bisa zargin yana ɗauke da ƙwayar murar tsuntsaye. Tarihin irin wannan janyewa ya nuna inda tsarin sa ido kan abinci yake da ɓaraka, kuma ɓarakar ba ta tsaya a kwanon dabba ba.

Kyanwar da ba ta taɓa fita waje ba

A watan Disamba na 2024 wata kyanwa ta mutu a jihar Oregon da ke yammacin Amurka. Gwaji ya nuna murar tsuntsaye nau'in H5N1 ce ta kashe ta. Abin da ya ɗaure wa likitocin dabbobi kai shi ne kyanwar ta cikin ɗaki ce, ba ta farautar tsuntsaye, ba ta kusantar kaji. Da aka bi sawu, sai hukumar noma ta jihar ta ce ƙwayar cutar da aka samu a jikinta iri ɗaya ce da wadda aka samu cikin abincinta, wato ɗanyen naman talotalo daskararre na kamfanin Northwest Naturals. Kamfanin ya sanar da janye wannan rukuni na kayansa ana jajibirin Kirsimeti, bayan an riga an rarraba shi a jihohi da dama har zuwa cikin Kanada.

Lamarin bai tsaya nan ba. A watan Fabrairu na 2025 hukumomin Oregon da Washington sun yi gargaɗi kan ɗanyen naman kaza na kamfanin Wild Coast Raw bayan wasu kyanwoyi sun kamu. A watan Maris kamfanin Savage Pet shi ma ya janye nasa, lokacin da aka samu kyanwoyi marasa lafiya a birnin New York. Tun a watan Janairu na wannan shekarar hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta umarci masu haɗa abincin karnuka da kyanwoyi da ɗanyen nama, ɗanyar madara ko ɗanyen ƙwai su sake duba tsarinsu na kariya, su saka murar tsuntsaye cikin haɗurran da dole su yi wa tanadi.

Dalilin tashin hankalin a fili yake: wannan ƙwayar cuta tana yi wa kyanwa mummunan kamu. Takan fara da zazzaɓi da ƙin cin abinci, sai numfashi ya yi wuya, sannan ta taɓa ƙwaƙwalwa, dabbar ta riƙa tangaɗi, ta makance ko ta yi farfaɗiya. A wata gonar shanu a jihar Texas, a watan Maris na 2024, fiye da rabin kyanwoyi kimanin 24 da aka shayar da ɗanyar madarar shanun da suka kamu sun mutu cikin ƴan kwanaki. Kafin nan, a 2023, an ga irin haka a Poland da kuma gidajen ajiye kyanwoyi a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda aka gano cutar cikin abincin da aka haɗa da ɗanyen naman agwagwa. Sanyin firigo ba ya kashe ƙwayar, yana ma adana ta ne. Dafuwa ce ke kashe ta, in zafin ya kai awo 74 har cikin tsokar naman.

Akwai wani abin lura a nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma ba dabbobinsu ɗanyen nama sun yi haka ne don gudun abincin manyan masana'antu, wanda suka daina yarda da shi. Wannan rashin yarda yana da mafari, kuma mafarin shi ne shekarar 2007.

Shekarar da aka sayar da roba a matsayin nama

Ranar 16 ga Maris 2007, kamfanin Menu Foods na Kanada ya sanar da janye gwangwanaye da ledojin abincin kyanwa da na kare sama da miliyan 60. Mutane da dama ba su taɓa jin sunan kamfanin ba, alhali shi ke dafa wa tamburan kasuwanci kusan 100 abinci a masana'antunsa. Mai sayen na tsada da mai sayen na araha, ashe kamfani ɗaya ke dafa musu.

Kyanwoyi da karnuka sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Da farko wani ɗakin gwaji na jihar New York ya ce maganin ɓera ne a cikin abincin, daga baya aka gano ba haka ba ne. A ƙarshen watan Maris FDA ta sanar cewa melamin ne, wani sinadari da ake yin kwanukan roba da fenti da gam da shi, wanda kuma ake samarwa daga ure, wato irin takin zamanin da manomanmu suka sani.

Me ya kai shi cikin abinci? Haɗama ce, da kuma wayon sanin yadda ake gwaji. Masu sayen kayan haɗin abinci suna biyan kuɗi ne gwargwadon yawan sinadarin gina jiki da ke ciki. Gwajin da aka saba yi kuwa ba ya auna wannan sinadari kai tsaye, yana auna azot ne, sannan a yi lissafi, tunda azot yana kai kimanin kashi 16 cikin 100 na sinadarin gina jiki. Shi kuwa melamin, kashi 66 cikin 100 nasa azot ne. Don haka wasu kamfanoni a ƙasar Sin suka ɗauki garin alkama na banza, suka zuba masa melamin, suka sayar da shi da tsada a matsayin tataccen ƙullin alkama. Wani kamfanin Amurka mai suna ChemNutra ya shigo da shi, ya sayar wa masu dafa abincin.

Melamin shi kaɗai gubarsa ba ta da ƙarfi sosai. Amma tarkacen da aka zuba yana ɗauke da wani ɗan'uwansa, asid ɗin siyanurik. In su biyun suka haɗu a cikin ƙoda sai su dunƙule su zama ƙananan duwatsu, su toshe hanyoyin da fitsari ke bi. Kyanwa ta fi saurin faɗuwa, domin asalinta dabbar sahara ce, ba ta cika shan ruwa ba, fitsarinta mai kauri ne, kuma sau da yawa abinci iri ɗaya take ci safe da yamma.

Har yau ba a daidaita kan adadin dabbobin da suka mutu ba. Waɗanda hukuma ta tabbatar a farko ba su kai 20 ba, amma koke-koken da FDA ta karɓa sun ambaci mutuwar kyanwoyi kusan 1,950 da karnuka 2,200. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ta fito ne daga rashin wata hukuma da ke ƙidayar mutuwar dabbobin gida kamar yadda ake ƙidayar ta mutane. Gubar ta kuma ƙetara teku: a Afirka ta Kudu karnuka sun mutu a wannan lokacin bayan cin abincin da aka haɗa da ƙullin masara mai melamin. A Amurka kuma an gano cewa ragowar gurɓataccen abincin an sayar da shi ga masu kiwon aladu da kaji, har wasu daga cikin kajin sun riga sun shiga tukunyar mutane.

Daga kwanon kyanwa zuwa bakin jariri

Wanda ya ɗauki wannan labari a matsayin rigimar masu kuɗi da dabbobinsu, to ya dubi abin da ya biyo baya. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Satumba na 2008, aka bankaɗo wannan dabara a cikin madarar jarirai a ƙasar Sin. Ana tsinka madara da ruwa, a zuba melamin don ta ci gwaji. Alƙaluman gwamnatin Sin sun ce jarirai 6 sun rasu, kusan 300,000 sun kamu da ciwo, sama da 50,000 an kwantar da su asibiti. Kamfanin Sanlu ya rushe, aka kuma zartar wa mutane 2 hukuncin kisa a 2009. Sinadarin ɗaya ne, dalilin ɗaya ne, ciwon ƙodar ma ɗaya ne. Kyanwoyin Amurka sun riga sun yi gargaɗi, ba a saurara ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A garin Minamata na Japan, cikin shekarun 1950, mutane sun riƙa ganin kyanwoyi na tangaɗi kamar masu rawa, suna faɗawa teku, kafin a gane a 1956 cewa wata sabuwar cuta ta kama jama'a. Sinadarin zaiba ne da wata masana'anta ke zubarwa cikin ruwa, kifi ya kwasa, kyanwoyi da masunta suka ci. A Ingila kuma, mutuwar talotalo kusan 100,000 a 1960, bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil, ita ce ta sa duniya ta san gubar aflatoksin. Dabba ƙarama ce, tana cin abu ɗaya kullum, saboda haka ita guba ke fara kayarwa.

Janyewa: wa ke sanarwa, kuma yaushe?

Babban ƙorafin masu kyanwa ya fi karkata kan lokaci. A rikicin 2007, Menu Foods ya fara samun koke tun cikin watan Fabrairu, ya gwada abincin a kan dabbobinsa, wasunsu suka mutu, amma sanarwa ba ta fito ba sai tsakiyar Maris. A duk waɗannan makonni mutane na saye suna zuba wa dabbobinsu. A lokacin FDA ba ta da ikon tilasta wa kamfanin abinci ya janye kayansa, sai dai ta lallashe shi. Majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar tilasta kai rahoton gurɓataccen abinci a 2007, sannan a watan Janairu na 2011 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan babbar dokar da ta ba FDA ikon tilasta janyewa. Duk da haka, har yanzu kusan kowace janyewa kamfanin ne ke sanar da ita da kansa, kuma akasari bayan dabbobi sun riga sun faɗi.

Misalin kamfanin Midwestern Pet Foods ya nuna haka. A ƙarshen Disamba na 2020 ya janye abincinsa mai suna Sportmix saboda aflatoksin da ke cikin masarar da aka yi shi da ita. A watan Agusta na 2021 FDA ta ce ta samu rahoton mutuwar dabbobi sama da 130 da rashin lafiyar sama da 220, kuma wani samfurin da aka gwada ya nuna guba awo 558, alhali iyakar da doka ta yarda da ita 20 ce.

Wani lokacin kuma ana janyewa ba tare da an taɓa samun cikakkiyar amsa ba. A Birtaniya, a tsakiyar 2021, likitocin dabbobi sun lura kyanwoyi na zuwa da wata cuta da ba a cika gani ba, wadda ke kashe ɓargo, jini ya ƙare a jiki. A watan Yuni aka janye busasshen abincin da masana'antar Fold Hill Foods ke yi wa tamburan Applaws da AVA da kantunan Sainsbury's. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta ƙidaya kyanwoyi sama da 500, kuma kusan 6 cikin kowane 10 sun mutu. An samu gubar fumfunar hatsi a wasu samfuran abincin, amma hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce ba ta tabbatar cewa abincin ne ya haddasa cutar ba. Masu dabbobin suka rasa wanda za su kama.

Ko an kama, diyyar ba ta taka kara ta karya ba. A dokar Amurka kyanwa dukiya ce kamar kujera, don haka abin da kotu ke dubawa shi ne kuɗin magani da kuɗin sayen dabbar. Shari'ar melamin ta ƙare a 2008 da sulhu kan dala miliyan 24, wanda aka raba tsakanin dubban masu ƙara da lauyoyinsu. Masu kamfanin da ya shigo da kayan sun amsa laifi, aka ci su tara, babu wanda ya kwana gidan kaso.

Kamfanonin na da tasu hujjar. Suna cewa in aka kwatanta da biliyoyin gwangwanayen da ake sayarwa kowace shekara, waɗanda ake janyewa kaɗan ne, kuma yawan sanarwa alama ce ta cewa ana gwaji. Akwai gaskiya a ciki. Likitocin dabbobi ma sun yarda cewa abincin masana'anta da aka haɗa bisa ƙa'ida ya fi abincin gida da aka haɗa da ka, domin kyanwa na buƙatar wasu sinadarai, irin su torin, waɗanda rashinsu ke lalata zuciya da idanu. Sai dai wannan hujja ba ta amsa tambayar wanda ya buɗe gwangwani jiya, ya ji sanarwar janyewa yau.

Inda zancen ya iso gida

Kasuwar abincin kyanwa a Nijar ƙarama ce, ba ta wuce ƴan manyan kantuna da wuraren likitocin dabbobi na Yamai ba. Amma abubuwa uku da ke cikin wannan labari suna cikin gidajenmu.

Na farko, murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da H5N1 a Magaria cikin jahar Damagaram, makonni kaɗan bayan ɓullarta a jihar Kaduna ta Najeriya, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Al'adar jefa wa mussa ko kare mushen kaza ko zabo, ko kayan cikinsu, ita ce dai hanyar da ta kashe kyanwar Oregon, bambancin kawai babu leda babu tambari. Mussar da ta ci ta dawo ta kwanta kan tabarmar da yara ke wasa. Masana suna sa ido sosai a kan wannan, domin duk lokacin da ƙwayar ta shiga jikin dabba mai shayarwa, ta samu damar koyon yadda za ta zauna a jiki irin namu. Mushen tsuntsu binne shi ake yi cikin rami mai zurfi ko a ƙone, a kuma sanar da ma'aikatan kiwo.

Na biyu, aflatoksin. Fumfunar da ke haifar da ita tana son zafi da laima, tana kuma son gyaɗa da masara da aka adana ba su gama bushewa ba. Soyawa ko dafawa ba ya kawar da ita. A Kenya, a 2004, mutane 125 sun mutu cikin 317 da suka kamu bayan cin gurɓatacciyar masara. Wanda ke cinta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuma yana cikin haɗarin kansar hanta. A yankin gyaɗa irin namu, inda ake tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar ruɓaɓɓiya don ƙuli-ƙuli ko tunkuzar dabbobi, wannan zance ne na yau da kullum. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da wani kaso na gubar a cikin nononta.

Na uku, ita kanta janyewar. A watan Disamba na 2017 kamfanin Lactalis na Faransa ya fara janye madarar jarirai ta masana'antarsa da ke Craon saboda ƙwayar salmonela. Daga ƙarshe abin ya shafi gwangwanaye miliyan 12 a ƙasashe 83, da yawansu na Afirka. A cikin Faransa kanta, manyan kantuna irin su Leclerc da Carrefour da Auchan sun amsa cewa sun ci gaba da sayar da madarar bayan an hana. Sai a watan Afrilu na 2021 gwamnatin Faransa ta buɗe shafin intanet na RappelConso, inda ake tattara dukkan sanarwar janye kaya wuri ɗaya. In kantunan da ke da kwamfuta a kowane teburin biya sun kasa tsayar da kayan da aka janye, yaya lamarin zai kasance a kasuwar da kaya ke shigowa ta hannu biyar, a fasa buhu a sayar da awo, a jefar da kwalin da lambar take jiki?

Ƙasar nan na da wuraren da aikinsu ya shafi wannan: ɗakin gwajin LANSPEX na lafiyar jama'a, LABOCEL na ɓangaren kiwo, da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, daga ranar da aka janye wani kaya a Turai ko Asiya, kwana nawa labarin ke ɗauka kafin ya kai ga jami'in duwan da ke bakin iyaka, ya kai ga ɗan kasuwar Tawa, ya kai ga uwar da ke sauraren rediyo da Hausa? Sanarwar da ta tsaya a takardar ofis da Faransanci ba ta cire gwangwani ko ɗaya daga kan teburin mai shago.

Abin da mai mussa zai iya yi

Ga wanda ke sayen abincin kanti, shawarar likitocin dabbobi ba ta da wuya. A ajiye buhun ko a ɗauki hoton lambar rukuni da ranar lalacewa, domin da su ake gane kayan da aka janye. A ajiye abincin wuri mai sanyi marar laima. Kyanwar da ta ƙi sabon abinci kada a tilasta mata. In ta fara amai, ko yawan shan ruwa, ko kasala, ko dasashinta ya yi fari ko rawaya, a dakatar da abincin, a ajiye ragowar don gwaji, a nemi likitan dabbobi. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Nama da madara kuma a dafa su.

A Amurka, masu kyanwa ne suka fara haɗa bayanai a tsakaninsu a 2007, suna ƙidayar dabbobin da suka mutu lokacin da hukuma ke maganar ƴan ƙalilan, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya kai maganar gaban majalisa. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwangwanin madara, buhun masara da kwalbar maganin tari duk ta hanya ɗaya suke shigo mana, kuma ranar da ɗayansu ya zo da guba, tsarin da muka tanada kafin ranar ne zai nuna ko za a tare shi a bakin iyaka ko sai an fara kai yara asibiti.